A Ciyar da Ƙasa Kafin a Ciyar da Shuka

Duk shekara, da zarar bazara ta yi nisa hadari ya fara haɗuwa a gabas, tambaya ɗaya ce a bakin manoman ƙasar nan: nawa buhun taki? Ana yin ta a Kano da Funtuwa, ana yin ta a Gombe da Lafiya. Gidajen rediyo su ɗauka, 'yan siyasa su yi alkawari. Takin da ake nufi kuwa shi ne na zamani, wato kamfa da yuriya da sufa, waɗanda ke zuwa a cikin buhu. Amma da wuya ka ji wani ya tambayi lafiyar ƙasar da za a zuba wa takin. A ganina mun fara daga inda ya kamata mu ƙare. Ƙasar noma abu ce mai rai, tana ci, tana kuma jin yunwa. Abincinta shi ne takin gargajiya: kashin dabbobi, ruɓaɓɓen ganye, toka da sharar gida. Manomin da ya hana ta wannan abinci, kome yawan buhunan da ya saya, uwar kuɗinsa yake ci yana zaton riba ce.

Mai karatu zai ce, ta yaya ƙasa za ta zama mai rai? To, ka je gona mai kyau ka ɗebo ƙasa cikin cokalin shayi. Idonka zai ga yashi da ɗan ɓurɓushin ganye kawai. Amma idan aka sa ta a ƙarƙashin madubin da masana ke duba ƙananan abubuwa da shi, za a tarar da halittu miliyoyi, wani lokaci har ɗaruruwan miliyoyi, a cikin cokalin nan ɗaya. Mafi yawansu ana kiran su bakteriya. Akwai kuma dangin funfuna da naman gwari, masu jiki kamar zare, waɗanda ke ratsa ƙasa ko'ina. Akwai wasu da ke farautar waɗannan suna ci. A saman su duka ga waɗanda ido ke gani, irin su tana da gara da buzuzu. Gari ne guda a ƙarƙashin ƙafarmu, kowa da sana'arsa.

Sunan da muka ba waɗannan halittu shi ya fara ɓata su a idon jama'a. Da an ce bakteriya, sai mutum ya ce ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne akwai masu kawo cuta a cikinsu, amma su ne kaɗan. Wane ne ya mai da madara kindirmo? Wane ne ya mai da kalwa daddawa, wadda Yarbawa ke kira iru? Wane ne ke sa tsami a kullun koko, ko a rogon da aka gurza za a yi gari? Duk aikin ƙananan halittu ne. Ƙamshin nan mai daɗi da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, wasu bakteriya ne na cikin ƙasa ke yin abin da ke ba da shi. Daga danginsu ne masana a Amurka suka samo maganin tarin fuka na farko mai aiki a shekarar 1943. Ke nan ƙasar da muke takawa ta ba mu magani, ban da abinci.

Aikinsu na farko a gona shi ne girki. Shuka ba ta da baki, ba ta da haƙori. Saiwarta ba ta iya cin ganye ko kashin saniya, abin da ya narke cikin ruwa kawai take sha. Saboda haka idan manomi ya watsa taki a gona, ba shuka ce ke fara ci ba. Ƙananan halittun nan ne ke dira a kansa, su ruɓar da shi, su warware abin da ke ciki, su sake shi kaɗan-kaɗan yadda saiwa za ta iya ɗauka. Shi ya sa takin gargajiya ba ya nuna kansa cikin mako guda, amma amfaninsa yakan kai shekara biyu ko uku. Abin da ya rage bayan wannan girki wani abu ne baƙi mai laushi, shi ke ba ƙasa mai kyau launinta. Yana riƙe ruwa kamar soso. Yana haɗa ƙwayoyin yashi su dunƙule, su bar ƙofofin da iska da ruwa za su bi. Wannan babban abu ne ga mai noma a jigawa, inda ruwa ke zurarewa cikin rairayi da sauri. Idan aka yi kwana goma ba a yi ruwa ba a tsakiyar damina, ka zaga gonaki ka gani. Yabanyar da ta fara yaushi ita ce ta gonar da ba ta ga taki ba.

Aiki na biyu ya fi ban mamaki, kuma kowane ɗalibi yana iya ganinsa da idonsa. Ka tuge gyaɗa ko wake ko waken suya a hankali, ka wanke saiwar. Za ka ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinta. Wanda bai sani ba zai ɗauka cuta ce. Ka fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, to ana aiki a ciki. Ɗakuna ne da shuka ta gina wa wasu bakteriya. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, kuma shi ne manomi ke biya da tsada a buhun yuriya. Shuka tana tsaye a cikin wannan iska dare da rana, amma ba ta iya amfani da ita. Baƙin nan na cikin saiwa su ke kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka, ita kuma ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ya fara ware wannan bakteriya a shekarar 1888. Amma tun kafin a haife shi manomin ƙasar Hausa yana shuka wake a tsakanin gero da dawa, yana kuma juya gona, bana gyaɗa baɗi hatsi. Bai san sunan halittar ba, ya dai san aikinta.

Haka nan ya san darajar gawo. Wannan itace yana da wata ɗabi'a ta daban: da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi, sai da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa da ya zuba ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani sun bar kashinsu a gindinsa, saiwarsa kuma tana da irin baƙin nan masu kamo naitirojin. Kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwa ya girma a gonakinsu maimakon su sare shi, har aka farfaɗo da fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. A nan gida kuma, cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana sarrafa wani gari mai suna NoduMax, wanda ke ɗauke da bakteriyar waken suya, ana cuɗa iri da shi kafin a shuka.

Su kuma masu jikin zare suna manne wa saiwa, su miƙe cikin ƙasa zuwa inda saiwar ba ta kai ba, su jawo mata ruwa da sinadarin fosforas. Akwai kuma batun tsaro. Inda halittu masu amfani suka cika wuri, masu kawo cuta ba sa samun sarari, domin an riga su abinci da wurin zama, wasu ma ana kashe su. Wannan ba ya nufin gonar da ta sha taki ba za ta taɓa yin cuta ba. Amma shukar da ta ƙoshi ta fi jure wa cuta da ƙwari, kamar yadda yaron da ya ƙoshi ya fi jure wa zazzaɓi. Ko ciyawar wuta-wuta, mai jan fure, wadda ke tsotse dawa da masara ta saiwa, an san ta fi yin ƙarfi a gonar da ta gaji.

To, me takin zamani ke yi? Abinci ne dafaffe, yana tafiya kai tsaye zuwa saiwa, shi ya sa masara ke canza launi cikin 'yan kwanaki. Amma ba ya ƙara wa ƙasa baƙin abin nan mai riƙe ruwa, kuma mafi yawan mazauna ƙasa ba su da rabo a cikinsa. Ba sai mun je wata ƙasa neman hujja ba. A Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, an fara wani gwaji tun 1950. An yanka filaye, wasu ana zuba musu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu ba kome, shekara bayan shekara. Abin da ya bayyana shi ne, filayen da aka daɗe ana zuba wa takin naitirojin shi kaɗai ƙasarsu ta yi tsami, ƙarfinta ya ragu. Waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu su suka riƙe lafiyarsu. Wannan shi ne kukan da manoma ke yi yau ba tare da sun san dalili ba: gonar da a da buhu biyu ke isar ta, yanzu sai huɗu, amfanin kuma bai ƙaru ba. A ƙasar da ta rasa ruɓaɓɓen abu, babu abin da zai riƙe takin, ruwan sama sai ya wanke shi ya tafi da kuɗin mai gona.

Kakanninmu ba su yi wasa da wannan ba. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano suna cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a karkarar Afirka ta Yamma. Babu filin da za a bar gona ta huta, duk shekara noma ake yi. Duk da haka ƙasar ta daɗe tana ciyar da mutanenta. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda aka yi haka. Amsar tana kan bayan jaki. Da rani manomi yakan kai itace ko hatsi birni, ya dawo da mangala cike da toka da shara da kashin awaki. A gida ana ɗaure tumaki da awaki a turke, a ba su harawa, a tara abin da suka zubar, a kai gona a jera tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Babu abin da ke lalacewa. Bayan girbi kuma, Bafulatani yakan sauka da garkensa a gonar manomi, shanu su ci kara su kwana a wurin, mai gona ya ba shi hatsi don godiya. Idan ana maganar rikicin manoma da makiyaya a yau, ana lissafa rayuka da dukiyar da aka rasa, kuma daidai ne a fara da su. Amma akwai wata asarar da ba a lissafawa: miliyoyin shanu suna yawo da taki a cikinsu, gonakin da ke bukatarsa kuma an rufe musu.

A arewacin Burkina Faso, bayan farin shekarun 1970 da 1980, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da wata tsohuwar dabara. Da rani yakan haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe kamar daɓe, ya zuba taki cikin tafin hannu a kowane rami. Gara ta biyo takin, ta yi ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga. Inda ko ciyawa ba ta fitowa sai ga gero da itatuwa. Manoman jihar Tawa a Nijar ma suna yin irin wannan. An ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin a 2018. Abin lura a nan, garar da muke zagi saboda cin azara, ita ce ta zama ma'aikaciyarsa ba ko kwabo.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa a watsar da takin zamani. Masu faɗin haka ba su yi lissafi ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Kafin a sami wannan daga busasshen kashin shanu, sai an tara fiye da tan guda, wato nauyin buhu ashirin ko fiye. Wa zai ɗauka? Ina dabbobin da za su wadatar da kowace gona? Karan da ake so a bari ya ruɓe a gona, shi ne abincin dabbobi, shi ne makamashin uwargida, shi ne darnin gida. Ƙasar Siri Lanka ta gwada hana shigo da takin zamani gaba ɗaya a watan Afrilu na 2021. Noman shinkafa da na ganyen shayi suka faɗi, tilas gwamnati ta janye dokar kafin shekarar ta ƙare. Mu kuwa a Afirka ba yawan takin zamani ne damuwarmu ba. A taron da shugabannin nahiyar suka yi a Abuja a 2006, an nuna cewa manomin Afirka yana zuba kimanin kilo 8 ne kawai a hekta, aka ɗauki alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015, ba a kuwa cim ma hakan ba. Abin da nake cewa shi ne, takin gargajiya shi ne tuwo, na zamani miya. Ana son duka biyun, amma ba a kwana da miya kaɗai. Da alama shugabannin ma sun fara ganewa, domin da suka sake taruwa a Nairobi a watan Mayu na 2024, sai suka ƙara lafiyar ƙasa a cikin sunan taron.

Shi ma takin gargajiya yana da ƙa'ida. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ciyawa, kuma idan aka zuba shi a lambun latas ko kabeji dab da cira, yana iya kawo wa mai ci ciwon ciki. Sharar birni ta yau kuma ba irin ta zamanin jakuna ba ce. Ta cika da leda da kwalabe da matattun batura, har da allurar asibiti. Duk wanda ya bi gonakin gefen manyan garuruwanmu ya ga yadda baƙar leda ta rufe kunyoyi. Wannan guba ce, bai kamata a kira ta taki ba.

A nan ne nake ganin hukuma ta yi sakaci. Ana kashe maƙudan kuɗi wajen rangwamen buhun taki, ana yin biki ranar ƙaddamar da rabonsa. Masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 da ta Indorama da ke Eleme a jihar Ribas suna yin yuriya mai yawa, har ana fitarwa waje, wannan abin alfahari ne. Amma a shekarar 2022 ɗin, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, farashin taki ya tashi a duniya, ƙaramin manomi ya ji a jikinsa. A daidai lokacin, kowace mahauta tana zubar da tumbi da jini cikin kwata. Kowace kasuwar kayan gwari tana tara ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon lemo har su toshe hanya. Injinan casar shinkafa suna cinna wa tulin ɓuntu wuta. Duk wannan abincin ƙasa ne muke biyan mota ta kwashe, ko mu ƙona mu shaƙi hayaƙin. Da ƙaramar hukuma za ta ware fili kusa da kasuwa da mahauta, a riƙa tsince leda, a ruɓar da sauran yadda ya kamata, da gari ya yi tsabta, matasa sun sami aiki, manomi ya sami taki mai sauƙi. Masu lambu sun riga sun nuna akwai kasuwa, tunda buhu-buhu suke sayen kashin kaji daga gidajen gona. Haka kuma ya kamata malaman gona su dage wajen hana sa wa gona wuta lokacin sharar gona, domin naitirojin da ke cikin ciyawar hayaƙi yake bi, mazauna saman ƙasa kuma su ƙone.

Ku ɗalibai ba sai kun jira hukuma ba. Kowace makaranta tana da shara, da yawa kuma suna da ɗan lambu. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa ya kai gwiwa ko ƙugu. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kara a ƙasa, a bi da ɗanyen ganye da ɓawon doya da na ayaba, a bi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasar gona, a yayyafa ruwa. A yi ta maimaita haka har ramin ya cika, sannan a rufe da ganye. Kada a sa leda, ko nama, ko mai. A kula da ruwa: ya yi danshi kamar tsumman da aka matse, kada ya jiƙe sharkaf, domin masu aikin suna bukatar iska. Bayan kwana huɗu ko biyar, a soka sanda a tsakiya, a zaro a taɓa. Za a ji ta da zafi. Ba rana ce ta ɗumama ta ba, zafin aikin ƙananan halittun ne, kuma shi ke kashe irin ciyawa da yawancin masu kawo cuta. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ƙasa, ba wari. Sai a yi kunya huɗu a lambun makaranta: ɗaya a sa mata wannan taki, ɗaya kamfa, ɗaya a haɗa mata biyun, ɗaya a bar ta haka. A shuka masara iri ɗaya rana ɗaya, a riƙa auna tsawonta kowane mako ana rubutawa. A maimaita a kunyoyin nan baɗi da baɗin baɗaɗa, domin a shekarar farko kunyar kamfa tana iya yin gaba.